Masaukin da Injiniya Ya Kama wa Shafin Yayarsa

Tun yana ɗan firamare aka laƙaba masa Injiniya, ranar da ya kwance rediyon mahaifinsu ya sake ɗaurawa, rediyon ya ci gaba da magana alhali ga sukurori sun rage a ƙasa. Sunan ya bi shi har ya yi furfura a gemu. Bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, amma bai taɓa hana kowa kiransa haka ba, kuma a hankali sunan ya koya masa wata ɗabi'a: kalmar "ban sani ba" ta yi masa nauyi a baki.

Shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu bai gama wayo ba, sai babbar yayarsu ta ɗauke shi. Da ta yi aure da shi ta tare, ita ta riƙa wanke masa kayan makaranta, ita ta riƙa zane shi idan ya yi ƙiriniya. Duk duniya na ce masa Injiniya, ita kaɗai ke ce masa Auta, ko da a gaban 'ya'yansa ne.

Shagonsa na kan wani titi mai hayaniya, tsakanin mai walda da mai sayar da tayoyi. Ciki akwai injin hoton takardu wanda sai an buga masa gefe yake tashi, da kwamfutoci biyu, da farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoton fasfo, da dogon benci na masu jira. Yana buga takardu, yana cike wa mutane fom a intanet, yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Daga baya ya koyi haɗa shafin intanet da kansa. Ya yi wa wata makaranta mai zaman kanta, ya yi wa wani dillalin motoci, ya yi wa wani mai maganin gargajiya. Irin shafukan nan ne da mai su zai buɗe ya nuna wa abokai sau ɗaya, daga nan sai kwanciya. Kullum mafi ƙanƙantar tsari yake saya musu a wurin kamfanin da ke ba shafuka masauki, kuma babu wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Wannan ya sa ya ɗauka ya gama sanin harkar.

Yaya kuwa malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Allah ya jarrabe ta da ciwon sikila a 'ya'yanta biyu. Namijin ya rasu yana ƙarami. Macen ta rayu, ta kai jami'a, gida na kiranta Likita don ta fi wasu ma'aikatan asibiti sanin sunayen magungunanta. A zaman jinya Yaya ta san iyaye mata irinta, har suka haɗa 'yar ƙungiya da ke taruwa a falonta.

Wata safiya ta shigo shagon, ta ture tarin takardu ta zauna a bencin.

"Auta, aiki na kawo maka. Shafi nake so, inda duk mai niyyar ba da jini zai rubuta sunansa, da rukunin jininsa, da unguwarsa, da lambar wayarsa. Idan yaro ya kwanta ana neman jini, uwa ta duba ta kira na kusa. Mun gaji da bin dangi gida-gida muna roƙo."

"Ai wannan ƙaramin aiki ne, Yaya."

"Ni ban ce ƙarami ba ne. Ka yi mana mai kyau. Kar ka tsaya duba tsada, mun yi tanadi."

Ya ce to. Amma yana rakiyarta bakin titi yana tuno sauran ayyukan da ta taɓa ɗaukowa da zafi: makarantar yamma ta matan aure da ta watse, da ɗakin karatun yara da ya koma ma'ajiyar kujeru. A ransa ya ce, wa zai bar aikinsa ya je a zuƙe masa jini saboda ɗan wanda bai sani ba? Bai yi wannan tunanin da mugunta ba. Ya yi shi da irin tausayin da ake yi wa tsohuwa mai son aikin alheri, kuma wannan ne ya fi ci masa rai daga baya.

Shafin ya yi kyau, ba a ƙwace masa wannan ba. Da ya zo maganar masauki sai ya kira kamfanin da ya saba, wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta ɗauka. Ta tambaye shi ko ya riga ya sayi sunan shafin. Ya ce ya saya.

"To, sunan adireshi ne kawai," in ji ta. "Yanzu sai inda kayan za su zauna, wato saba, kwamfutarmu da ba a kashewa. Tsari uku muke da su. Na farko na haɗaka ne, shafuka da yawa a saba ɗaya, kamar gidan haya mai famfo guda. Kowa na da iyakar abin da zai ɗiba, in ya wuce sai a rufe masa don kar maƙwabta su rasa. Na biyu, a yanka maka sashenka, ƙarfin da aka ware maka naka ne kai kaɗai. Na uku saba ce sukutum, wannan na manyan kamfanoni ne. Wane irin shafi ne naka?"

"Na ƙungiya ne. Rajista kawai za a riƙa yi."

"Rajista ta fi karatu nauyi, yallaɓai, don kowane mutum sai saba ta rubuta ta ajiye. Mutum nawa kake tsammanin za su shigo a lokaci guda?"

Ya yi dariya. "Haba, yayata ce da ƙawayenta. In sun yi yawa su cika aji ɗaya."

"Ba za a yi talla ba? Rediyo, talabijin, makamantansu?"

"Ina fa."

"Shi ke nan, na haɗaka zai ishe ku. Amma duk ranar da kuka san jama'a za su yi yawa, ku sanar da mu tun kafin ranar mu ɗaga ku. In an bari sai abin ya zo, sauyawa na ɗaukar lokaci."

Ya ce ya ji. Abin da ya rage na tanadin ƙungiya ya mayar wa Yaya, ta yi ta sa masa albarka, tana gaya wa matan cewa ƙaninta ba ya cin amana.

Shafin ya fara aiki, mutane na shigowa jefi-jefi, daidai yadda ya zata. Sai wata rana Yaya ta kira shi cikin murna, ta ce wani mai gabatar da shirin safe a rediyo ya gayyace ta. Lokacin rajistar jarrabawa ne, shagon ya cika da ɗalibai, ya maƙale wayar a kafaɗa yana buga sunan wani. Ya ce, "Allah ya sa a dace, Yaya." Yana ajiye wayar gargaɗin ma'aikaciyar nan ya faɗo masa, tiryan-tiryan. Ba mantawa ya yi ba. Ya tuna, ya auna, ya ce wa kansa shirin safe ne, mutane na hanyar aiki, wa zai tsaya buɗe shafi? Ya kira ɗalibi na gaba.

Ranar shirin ya kunna rediyo a shago don dai in ta tambaya ya ce ya saurara. Da farko Yaya ta ɗan sarƙe, tana magana kamar tana gaban aji. Sai mai gabatarwa ya tambaye ta me ya sa ta shiga wannan aiki. Nan ta ba da labarin ɗanta. Ta faɗi yadda mijinta ya yi ta zagaya gari a kan babur yana neman mai jini irin nasa, yadda yaron ya riƙa tambayarta ko Baba ya dawo, da yadda aka samu jinin bayan an riga an rufe masa fuska. Ba ta yi kuka ba. Injiniya yana gidan aka yi wannan rashi, shi ya riƙe jakar kayan jinya, amma bai taɓa jin labarin daga bakinta ba.

Shagon ya yi tsit, injin hoto kaɗai ke gurnani. Mai walda ya kashe na'urarsa ya tsaya a bakin ƙofa da tabarau a goshi. Da Yaya ta karanta adireshin shafin a hankali, harafi bayan harafi kamar tana yi wa yara shifta, sai Injiniya ya ga mutanen da ke kan bencinsa suna zaro wayoyi. Wata uwa da ta rako ɗanta, wani direba da ya zo hoton lasisi, har da mai waldan.

"Injiniya, abin nan juyawa kawai yake yi."

"Nawa ma ya ƙi buɗewa."

Ya buɗe a kwamfutarsa. Farin allo ne da 'yan kalmomi da ke cewa shafin ya wuce iyakar da aka ba shi. Ya sake latsawa, ya sake. A rediyo mai gabatarwa na cewa masu sauraro na ta kira wai shafin ba ya buɗewa, Yaya na ba da haƙuri, tana cewa wataƙila matsalar layi ce, a sake gwadawa. Daga ƙarshe ta ba da lambar wayarta.

Ya kira kamfanin. Aka daɗe kafin a ɗauka, kuma muryar nan ce mai sanyi. Ta duba ta ce mutane ne suka yi wa shafin rubdugu, ya ci rabonsa ya wuce, saba ta rufe shi don sauran shafukan da ke tare da shi. Ba ta tuna masa abin da ta faɗa a baya ba, wataƙila ma ba ta gane shi ba. Ya ce a ɗaga shi yanzu-yanzu, ko nawa ne. Ta ce za a yi, amma sai an kwashe kayan an kai sabon wuri, sannan adireshin ya koma nuna can, ba abin minti kaɗan ba ne. Ya sallami ɗalibai, ya ja ƙofa, ya zauna yana kallon allo. Sai bayan la'asar shafin ya dawo, yana buɗewa kamar walƙiya, ba kowa a ciki.

Da yamma ya tafi gidan Yaya. Falon cike yake da matan ƙungiya. Muryar Yaya ta dishe, wayarta na jikin caji ta yi zafi. Ita kaɗai ta yi ta amsa kira, tana magana da mutum ɗaya wasu da yawa na jin layi a cike suna haƙura. Ya tsugunna ya gaishe ta, ya buɗe baki, ta riga shi.

"Laifina ne, Auta. Ban zaunar da kai na gaya maka girman abin ba, na kira ka kana tsakiyar aiki. Ni kaina ban zaci haka ba." Ta juya ga matan. "Kun gan shi nan, yau rufe shagonsa ya yi, ya kori kwastomomi saboda mu."

Matan suka shiga yi masa addu'a, Allah ya raya zuri'a, Allah ya buɗa kasuwa. Kowace addu'a na sauka a kansa kamar bulala. Aka kawo masa shayi, ya riƙe kofin har ya huce.

Zai fita sai ya tarar da Likita a baranda, ta lulluɓe da bargo ko da yake ba sanyi ake yi ba. Ta ce, "Kawu, wane tsari ka saya mana da farko?"

Ya so ya kewaya, ya ga ba hanya. "Na haɗaka."

"Sun tambaye ka yawan mutanen da za su shigo?"

"Sun tambaya."

Ta dube shi, ta dubi ƙofar falon inda muryar mahaifiyarta ke fita da ƙyar. Ta ce, "To. Sai da safe, Kawu." Ba ta sake ɗauko maganar ba, kuma ya tabbata ba ta gaya wa kowa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya zama wani iri. Matarsa ta lura ba ya cin abinci, ta matsa masa har ya faɗa mata.

"To ka je ka gaya wa Yaya mana. Ai ba za ta cinye ka ba."

"In ce mata me? In na ce na sayi ƙaramin tsari, kafin in rufe baki ta yafe. Ba nan abin yake ba. An tambaye ni mutum nawa za su amsa kiranta, na yi dariya. Matar da ta goya ni. Ta yaya zan dubi idonta in ce ban taɓa yarda aikinta zai yi nisa ba?"

Matar tana ninke kayan yara ta ce, "Da-na-sani ƙeya ce, Baban yara. In bakinka ba zai iya ba, ai hannunka na nan."

Ya koma ya koyi abin da ya ɗauka ya sani. Ya riƙa kiran kamfanin yana tambaya kamar ɗan aji ɗaya, kuma a nan ya fara cewa "ban gane ba, sake min bayani" ba tare da harshensa ya karye ba. Ya gano cewa sashen da ya saya cikin firgici irin wanda mutum ke kula da shi da kansa ne, gyara da tsaro duk a wuyansa, alhali bai iya ba. Ya sauya zuwa wanda kamfani ke kulawa. Ya gano cewa tun farko ba a ajiye kwafin bayanan shafin a ko'ina, da saba ta samu matsala da sunayen da aka tara sun tafi. Ya sa aka riƙa ɗaukar kwafi kullum. Ya tambayi yadda ake kare lambobin wayar mutane, ya tambayi me zai faru in aka sake yin rubdugu, aka nuna masa yadda ake ƙara ƙarfi na ɗan lokaci a rage daga baya.

Rubdugun bai sake zuwa ba. Mai gabatar da shirin ya yi alkawarin sake gayyatar Yaya, sai aka sauya masa shiri, wanda ya gaje shi bai san da maganar ba. Shafin na zaune a masauki mai faɗi, baƙi na shigowa ɗaiɗai.

Sai Injiniya ya manna sanarwa a jikin injin hoto. Duk wanda ya zauna jiran takarda, sai ya tambaye shi ko ya san rukunin jininsa. Wasu su ce za su yi tunani, wasu su yi rajista don kunyar idonsa. Mai walda ya fi ba shi wuya.

"Ranar nan jikina ya yi sanyi, wallahi da a take ne da na ba da jini leda biyu," in ji shi. "Da abin ya ƙi buɗewa sai na ce waɗannan ma irin na intanet ne, ba da gaske suke ba. Ni sana'ata ta koya min, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wane ne ma ya haɗa musu shafin?"

"Ni ne."

Mai walda ya sosa ƙeya. "Au. To, rubuta ni."

Yana cikin rubuta mai waldan ne ya lura da wani abu da ya sa ya runtse ido: shi da ya haɗa shafin, sunansa ba ya ciki. Da mutumin ya fita ya cike wa kansa fom.

Bayan wasu watanni, da rana tsaka, wata mata da bai sani ba ta kira shi. Tana magana da sauri, tana ba da haƙuri, ta ce a shafi ta ga lambarsa, 'yarta na kwance, jininsu ɗaya, kuma shi ne mafi kusa da asibitin. Ya kulle shago ya hau babur.

A barandar asibitin ya tarar da Yaya zaune kusa da matar, tana riƙe da hannunta. Ta ɗago ta gan shi.

"Auta? Me ya kawo ka?"

"Ni aka kira."

Abin da ba kowa ya sani ba, Injiniya na tsoron allura fiye da maciji. Ma'aikaciyar jinya na ɗaura masa roba a dantse ya kawar da kai, ya ƙura wa silin ido, yana jin kunnuwansa na ƙara. Ledar na cika ya yunƙura zai tashi don ya nuna jarumta, ɗakin ya juya, sai farkawa ya yi ya ga Yaya na yi masa fifita da katin asibiti, tana dariya har da hawaye.

"Ƙato da kai, da gemu! Tun kana yaro sai mutum uku sun danne ka."

"Yaya," ya ce. "Maganar shafin nan, ranar rediyo..."

"Sha wannan tukuna." Ta tura masa kwalbar lemo a baki. "Shafi ai yana aiki, ga shi ya kawo ka. Kwanta, kar ka sake faɗuwa ka ba ni kunya."

Ya sha. Ya dubi fuskarta, yana neman alamar ko ta sani, bai ga komai ba sai gajiya da sauran dariya. Uwar yarinyar ta leƙo tana godiya, Yaya ta miƙe ta bi ta don su ga an ɗaura jinin. Ya rage shi kaɗai a kan gadon, da auduga a maƙale a gwiwar hannu, yana jin takalmanta na ja a kan siminti har suka yi nisa.